Gwiwar Hajiya a Hannun Ba'indiya

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da mahaifiyata. Shekara biyu ke nan goshin Hajiya bai taɓa ƙasa ba. Ciwon gwiwa da ƙugu ya hana ta sujada, a kan kujera take salla, kuma burinta a wannan Umara ɗaya ne: ta yi sujada a gaban Ka'aba.

Jidda ta tarbe mu da zafi mai laima, irin wanda mutum zai fito daga wanka ya ji yana son komawa. Ƙanwar Hajiya, wadda nake kira Inna, ta ɗauke mu zuwa gidanta a Ammariyya, unguwar tsofaffin benaye da lunguna. Inna ta daɗe a can, har Hausarta ta cakuɗe da Larabci. Da safe burodin tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake, muke karyawa da shi, ga shayi da na'ana'a. Farashi kuwa, tun ranar farko na daina juya riyal zuwa naira, don kada hawan jini ya kama ni.

Kafin mu wuce Makka, Inna ta matsa sai mun ga wata likitar gashin ƙashi a unguwar Aziziyya ta nan Jidda. Ba'indiya ce 'yar addinin Hindu, siririya mai sanyin murya, kuma da yoga, motsa jiki irin na Indiyawa, take haɗa aikinta. Tana yi da Larabci, Inna na mayar mana. Ta ce a Sanskirit, tsohon harshen littattafansu, yanayin zama ko tsayuwar jiki asana ne, sarrafa numfashi kuma pranayama. Hajiya ta tare ta da tambaya: akwai bauta a ciki? Matar ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce a wajensu akwai, har da wata gaisuwa da ake yi wa rana, amma wannan nata ne, mu motsa jiki da numfashi kawai za ta koya mana. Gaskiyar nan ce ta sa Hajiya ta yarda ta kwanta a tabarmar.

Sai dai abin ya yi mata sauƙi da yawa. Matar da ta saba da ƙaho da ɗori da jiƙo mai ɗaci, a ce ta ja numfashi ta ɗan ɗaga ƙafa? Muna fitowa ta ce, "Wannan ai wasan yara ne. Maganin da bai yi zafi ba ina zai yi aiki?" Washegari ni da Inna muna kasuwa, ashe ta ɗaure ƙafar da zani ta yi ta ja da ƙarfin tsiya. Muka dawo muka tarar gwiwa ta kumbura kamar tulu. Inna ta dafe kai ta ce, "Ya Allah, Yaya! Halas, kin ɓata shugul ɗin!" Wato shi ke nan, ta ɓata aikin. Ni kam raina ya ɓaci, na kuma ji tausayinta.

Da muka koma wajenta, likitar ba ta yi faɗa ba. Ta riƙe gwiwar da hannu biyu, ta ce dokar yoga ta farko sunanta ahimsa, wato kada ka cutar da mai rai, kuma jikinka yana cikin masu ran. Ta ƙara da santosha, gamsuwa da abin da yau ta kawo. Hajiya ta ce, "To ai wadar zuci ke nan. Malaminmu ma ya ce jiki yana da haƙƙi a kanka, ni ce ban ji ba."

Da muka isa Makka, a keken guragu Hajiya ta yi ɗawafi, a zaune ta yi salla a gaban Ka'aba. Ta yi kuka, ni ma na yi. Da muka dawo Jidda ta sa Inna ta dafa dambun shinkafa ba nama, tunda an ce likitar ba ta cin nama, muka kai mata har wurin aiki.

Mun sauka Kano lafiya. Tafiyar ta koya mini cewa Allah yana iya ajiye sauƙinka a hannun wanda ko alƙibla ba ku haɗa ba, kuma gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido. Hajiya ta ci gaba da motsin nan kullum, a hankali, ba ja ba tilas. Bayan wasu watanni, wata la'asar, na shiga ɗakinta na tarar da goshinta a ƙasa. Ta daɗe har na tsorata, na tsaya a kanta. Da ta yi sallama na ce, "Hajiya, na zaci kin kasa tashi ne."

Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Tashi ba wuya, 'yar nan. Maganar ce da yawa."