Aswakin Mama da na jefa a wuta

Akwai wata ranar Kirsimeti da ba za ta taɓa fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun wuce, amma ko yanzu idan na ji ana buga dutse a kan dutse, sai gabana ya faɗi. Laifin nawa ne, shi ya sa nake ba da labarin da bakina.

Ni mai sayar da doya ne a Lafiya, karatuna bai wuce firamare ba. Da Allah ya buɗa mini na gina ɗan gida a Azuba, nan kusa da Lafiya, sai na je ƙauye na ɗauko mahaifiyata, don mahaifinmu ya rasu, ita kuma gona ta fara fin ƙarfinta. Babana take kirana, saboda sunan mahaifinta aka sa mini. Lokacin ta haura saba'in, amma haƙoranta cif suke, ko ɗaya bai girgiza ba. Idan aka yanka akuya ita ake ajiye wa guringuntsi, ta riƙa murƙushe shi tana yi wa jikokinta dariya. Abincinta tun tana yarinya tuwon dawa ne da miyar ganye, da gyaɗa, da riɗi, da kifi. Kullum da safe kuma sai ta zauna a ƙofar gida da aswakinta, ta tauna bakinsa ya yi laushi, ta bi haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya, tana tofar da yawu a gindin katanga.

Wata safiya shugaban ƙungiyarmu ta 'yan doya ya biyo ta gidana a motarsa. Ya tarar da ita a ƙofa da itace a baki. Ya gaishe ta da ladabi, amma da muka shiga falo sai ya ce yana dariya, "Kai, ka gina gidan birni ka ɗauko mana ƙauye ka dasa a ƙofa." Wasa yake yi. Ni ne na ɗauke shi da zafi. Yana tafiya na shiga ɗakinta na kwashe damin aswakin da ta zo da shi daga gida, na zuba a murhu a kan idonta. Na ce ba na son ƙazanta a ƙofar gidana. Ta tsaya tana kallon wutar.

Da yamma na kawo mata burushi da man goge baki. Ta gwada sau ɗaya ta ce, "Babana, wannan abu yaji gare shi, ga kumfa kamar sabulu." Na ce za ta saba. Ban zauna na koya mata ba, ban kuma sake tambaya ba.

Sai na shiga lallashinta da zaƙi, don a raina na san na ɓata mata. Shayi da madarar gwangwani da sukari cokali uku, biskit, lemon kwalba duk ranar da ciniki ya yi kyau. Maganin hawan jinin da take sha yana busar mata da baki, sai na saya mata minti, alewar nan mai sanyaya baki, leda guda. Ta riƙa wuni da shi a kumatu, har ta kwanta da shi. Ni kuwa ina alfahari a kasuwa cewa uwata na shan daɗi a hannuna. Matata ta taɓa ce mini, "Baban yara, Mama fa ta daina cin gyaɗa." Na ce tsufa ne. Haka muka yi shekara uku.

Ranar da nake magana, mun dawo daga coci, an soya akuya, gida ya cika da baƙi. Da hannuna na zaɓar mata guringuntsi da tsoka mai kyau na kai mata. Ta karɓa da hannu biyu ta sa mini albarka. Can da za a ɗauki hoto aka neme ta ba a gani ba. Na zagaya bayan kicin, sai na ji ƙara a hankali, ƙwas, ƙwas. Na leƙa. Mama ce a tsugune cikin sabon zanen da na ɗinka mata, ta ɗora naman a kan dutsen niƙa ta rufe shi da tsumma don kada a ji, tana daka shi da ɗan dutse. Ɗankwalinta ya zame, na ga kumatunta na hagu a kumbure.

Na ce, "Mama, me kike yi?"

Ta ce, "Akuyar ce tsohuwa, Babana. Koma wurin baƙinka."

Na durƙusa na roƙe ta ta buɗe baki. Da ƙyar ta yarda. Turamen nan da ke fasa ƙashi sun yi baƙi sun rarake, wasu sun karye daga gindi, dasashi ya yi ja yana ruwa. Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba. Ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Ka ce ba ka son ƙazanta. Na ga bakin ya zama ƙazanta, sai na rufe shi."

Bayan hutu na kai ta asibitin haƙori. Ina ta gaya wa likitar, wata mace mai haƙuri, cewa tsutsa ce ta shiga bakin uwata. Ta ce babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ke bakin kowa, suna cin sukarin da ya maƙale a haƙori, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cinye haƙorin. Ta ce yawu ne ke wanke tsamin, to ga baki ya bushe, ga minti a ciki safe da yamma. Sai ta juya ga Mama ta ce, "Mama, da me kike goge baki?"

Mama ta dube ni, ta dubi likitar, ta ce, "Ɗana ya saya mini burushi mai kyau. Ni ce na yi ƙiwa."

Da ma ta mare ni a gaban mutane da ya fi mini sauƙi. Na buɗe baki na faɗi gaskiya, har da murhun. Likitar ta ce aswaki ba laifi ba ne, burushi da man goge baki ma suna da amfani sosai idan an koya wa mutum. Abin da ya ci haƙoran shi ne na raba ta da wanda ta iya, ban koya mata ɗayan ba, na kuma cika bakin da zaƙi. Haƙora tara aka cire mata, a zuwa huɗu.

Da bakin ya warke, na shiga kasuwa na sayo damin aswaki na ajiye a gabanta. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta kai baki, sai ta yi ɗan murmushi ta ce, "Babana, da me zan tauna shi?"

Tun daga ranar, kowace safiya kafin in tafi kasuwa, nakan ɗora bakin aswakin a kan dutsen niƙan nan in daddaka shi ya yi laushi, in miƙa mata ta goge 'yan haƙoran da suka rage. A ƙofar gida muke zama, ni da ita, kowa da nasa, mai wucewa ya wuce. Shekara biyu muka yi haka kafin Allah ya ɗauke ta. Ba ta sake cin guringuntsi ba.

Yanzu a gidana zaƙi sai jefi-jefi, tare da abinci, a kuskure baki da ruwa bayansa, kuma ba mai kwanciya bai goge haƙora ba. Abin da na koya shi ne, zaƙi ba shi ne ƙauna ba, kuma kada kunyar idon baƙo ta sa ka raba tsoho da abin da ya tsare shi shekara saba'in. Dariyar shugaban nan ko minti ɗaya ba ta kai ba, amma uwata ta biya ta da haƙora tara, ta kuma rufa mini asiri a kai.