Faretin Saje

Sallar asuba kawai muka jira muka bar Gusau, ni da ƙanwata da mijinta, a tsohuwar motata da sai an lallashe ta take tashi. Maradun muka nufa, sadakar arba'in ɗin kakanmu, wanda kowa ke kira Saje. Kuka dai mun gama shi, don tsoho ya sha miya: ya je yaƙin basasa ya dawo da ƙafafunsa, ya rayu har ya goya tattaɓa-kunne. Damuwata daban ce. Kawunnaina biyu, Garba na Maradun da Mamman na Bakura, sun yi shekaru ba sa ga-maciji kan iyakar gonar rani, kuma Saje kaɗai ke iya tsayar da su wuri ɗaya.

A Talata Mafara muka karya da hoce mai zafi. Ya ƙanƙance, kuɗinsa kuma ya girma, amma ɗanɗanon yana nan. Nan muka ɗauki Baba Yohanna, Kirista, abokin Saje tun a barikin soja. Ya ƙi sanda, ya ƙi a riƙe masa hannu, ga usur rataye a wuyansa.

Usur ɗin na fareti ne. Duk lokacin da zuri'a ta taru, Saje kan jera mu a ƙofar gida, babba na bin babba, ya kira sunan kowa. Dokar ɗaya ce: wanda aka kira bai amsa ba, na kusa da shi a layi zai je ya zo da shi, kuma ba a buɗe tukunya sai layi ya cika. Muna yara mun ɗauka mugunta ce. Ashe a fagen yaƙi an taɓa kiran sunansa shiru, Baba Yohanna ya koma daji ya saɓo shi da harsashi a cinya.

Hanyar Maradun ta gwada min ƙugu. Amma da muka hango ruwan Bakolori sai kowa ya juya yana kallonsa. A ƙarƙashin ruwan nan tsohon garin da aka haifi mahaifiyata yake. Saje ya yi gadi lokacin da ake gina madatsar, kuma ranar da aka tashe su, sai da ya jera iyalinsa ya kira suna kafin ya bari aka hau mota.

Mun tarar da gida cike, tukwane na tafasa. Kawu Mamman bai zo ba, buhun shinkafa ya aiko da shi. Bayan addu'a sai Inna, matar marigayin, ta sa aka fito da ita kan kujera, Baba Yohanna ya busa usur, muka jeru. Ta fara kira. Da ta ce "Mamman", aka yi shiru.

"Garba, ka san doka," in ji ta. "Tai ka taho da ƙanenka."

"Inna, ai mai dokar ya kau."

Baba Yohanna ya dube shi sama da ƙasa. "Da ban koma na ɗauko shi ba, da ba a haife ka ba."

Ni na tuƙa Kawu Garba zuwa Bakura. Muka bi gefen magudanan ruwa, shinkafa kore shar hagu da dama, masu albasa na ɗura buhuna. A gona muka sami Kawu Mamman, taɓo har gwiwa. Yayan ya tsaya daidai kan iyakar da suke rigima a kanta.

"An kira sunanka, ba ka amsa ba."

"Wa yak kira?"

"Inna."

"Shi na anka turo ka?"

"Ni ka tsayawa kusa da kai."

Kawu Mamman ya dubi fartanyarsa. Sannan ya ajiye ta, ya wanke ƙafa a magudana, ya shiga mota.

La'asar ta wuce muka iso, babu wanda ya ci komai, har jarirai sun gaji da kuka. Usur ya sake tashi. Inna ta koma daga farko, da ta zo kansa ya ce, "Ga ni, Inna." Guɗar da mata suka yi, na tabbata an ji ta a bakin dam. Ni dai na yi kuka, ban ɓoye ba. Tuwon ya huce ya yi ɓawo, kuma ban taɓa cin mai daɗinsa ba.

Washegari muka dawo Gusau lafiya. Maganar iyaka ba a gama ta ba, amma na baro su zaune kan tabarma ɗaya suna musu, ni kuwa hakan ya ishe ni. Na gane Saje bai bar mana gidaje ba, ya dai bar wa kowannenmu mutumin da zai je nemansa. Ina shiga gida na jera 'ya'yana a tsakar gida, na nuna wa kowa na kusa da shi.