Allurar Injin Yayana

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye a bayan Dogo-Dogo, na bar iyalina a Magarya saboda karatun yara. Ɗakin da aka ba ni yana gefen lakwal, wato makarantar, can ƙarshen gari, bayansa gonakin gero iya ganin ido. Da an tashi 'yan makaranta sai wurin ya yi tsit. Kayana ba yawa: katifa, tukunya, rediyo, sai wani kwali da na ɗauro a bayan moto, wato babur.

Cikin kwalin ɗan jirgin sama ne na wasa, na yayana marigayi. Makanike ne a Magarya, cikin kayan gwanjo ya tsinto shi a Kano. Fiffike ɗaya a karye yake, na'urar sarrafa shi daga nesa ma ba ta zo tare da shi ba, don haka bai taɓa barin ƙasa a hannunmu ba. Injin ne kawai mai rai. Bai kai dunƙulen hannu ba, amma yana da farfela da ɗan buji, wato fulogi, mai siririyar waya, wadda take yin jawur idan an jona mata batir. Ba ya shan esans, wato fetur. Wani irin alkol, wato sifirit, ake haɗawa da man zurman, kuma Yaya ya bar mini jarka guda.

A gefen injin akwai allura, ita ke buɗe wa mai hanya. Idan ka kwance ta da yawa, injin ya ƙoshi, ya riƙa tari yana fesa hayaƙi da mai. Idan ka matse ta da yawa, ya yi ƙara mai tsini, ya ɗauki zafi, ya mutu. Aikin mutum biyu ne. Da can ni ke riƙe wutsiya, Yaya yana murɗa allurar da kansa a karkace.

"Ƙanena, ka ji wurin da kukan ya fi daɗi?" yakan ce. "To ba nan ake tsayawa ba. Sai ka koma baya kaɗan, ka bar masa abin da zai jiƙa maƙogwaro."

A ƙauyen babu mai riƙe mini. Wani tsohon turken jaki na samu a bayan ɗakin, na ɗaure wutsiyar da igiya, na danne ƙafafun da buhun yashi. Ranar Lahadi bayan la'asar nake tayar da shi. Hannuna bai saba ba, don ni kallo na sani. Na sha murɗawa ya shaƙe, na sha bugun farfela da sanda har kafaɗa ta gaji. A hankali na gane cewa allurar ba ta da mazauni ɗaya. Inda na bar ta cikin sanyi, da bazara ta kama sai wurin ya zama ƙoshi. Ranar da aka yi ruwa ma daban take.

Farkon lamarin mutane sun zo kallo, da suka ga ba ya tashi sai suka daina. Wata tsohuwa da ke wucewa da itace ce ta tsaya ran nan, ta jira har man ya ƙare.

"Malam, me yake niƙawa?"

"Ba ya niƙa komai, Inna."

"Ruwa yake ja?"

"A'a."

Ta daɗe tana dubana. "Na wa ne?"

"Na yayana ne. Ya rasu."

"Allah Ya jiƙansa," ta ce, ta gyara gammonta ta wuce. Daga ranar, duk sanda ta ji ƙarar sai ta ɗaga mini hannu daga hanya, ba ta ƙara tambaya ba.

Wata Lahadi bayan an yanke gero na same shi daidai. Na matse allurar har kukan ya kai ƙarshe, na koma baya, na ɗan tsuke tiyon mai da yatsa: ya ƙara gudu kaɗan sannan ya dawo. Na sassauta igiyar na ɗaga hancinsa sama, bai canza murya ba. Siririn hayaƙi kawai ke bin bayansa, ƙamshin man zurman ya cika wurin kamar garejin Yaya. Na waiwaya don in ce wa wani ya saurara. Awaki ne a cikin kara.

Na hau tudun da ake samun rezon waya na kira maiɗakina. Na fara ba ta labari, layin yana yankewa.

"Maigida, injin me? Na niƙa ne ya lalace?"

"A'a, na Yaya. Ya yi daidai yau."

"To madalla. Ka ci abinci kuwa?"

Na ce na ci.

Kafin ƙarshen shekarar wayar bujin ta ƙone, kuma shi kaɗai ya rage. Na nema a Magarya, na aika Damagaram, ba wanda ya san irinsa. Na ba wani direba da ke zuwa Kano mataccen bujin, na roƙe shi ya nuna wa masu kayan gwanjo. Bayan makonni ya dawo da fara'arsa, ya miƙo mini bujin moto sabo fil a kwalinsa.

"Malam, wancan naka ya yi ƙanƙanta, har ya faɗi a mota. Wannan ya fi shi ƙarfi."

Na yi masa godiya, don ya yi ƙoƙari. Bujin na ba wa wani ɗan kabu-kabu. Injin kuwa na ɗiga masa mai ta ramin da ya rage a buɗe, na toshe da tsumma saboda yashi. Sauran zamana a ƙauyen, ranar Lahadi nakan fito da shi in juya farfelar da yatsa don kada ya daskare, sannan in mayar da shi kwali in ɗora tukunya.