Daddawar Mai Kuka

Warin daddawa na fara ji da na shiga kasuwar Bagwai, sai marigayiya kakata ta faɗo mini a rai. Lokacin ina yarinya, kunya ba ta barina in yi talla, don haka in na ajiye allona ta ɗora mini faifai, sai ta mintsine ni a cinya da faratanta masu lalle. "Buɗe baki, bebiya! Hawayenki sun fi muryarki kasuwa." Har fataken Shanono suka riƙa cewa, "Ta mai kukan nan muke so."

Yanzu Inna ta gaji sana'ar har da mintsinin, ta ce ƙanwata ta fi ni saurin hawaye. Na ce, "Inna, Allah ya jiƙan Kaka. Ki bar yarinyar nan, ni ki mintsine ni, har yanzu ina iya kuka."