Gawar da ta amsa da amin

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar abokina Alhaji Sabitu Mai Kwano na kasuwar Dei-Dei, mutumin da ya mutu sau tara a gabana cikin yini guda kafin ya zo ya yi ta gaskiya. Na san masu karatu za su ce Bazazzagin nan ya fara. Ku yi haƙuri, a wannan karon lissafina daidai ne, ko na ƙara bai wuce biyu ba.

Maƙwabcina ne a Dutse Alhaji, katanga ɗaya ta raba mu. Ni ma'aikacin gwamnati, shi mai sayar da kwanon rufi, a zamanin da Abuja ke tsirowa kamar ciyawar farkon damina, ka kwana kusa da fili ka tashi kusa da bene. Shi Bakano ni Bazazzagi, don haka rana ba ta taɓa faɗuwa bai tsokane ni ba. Oga Fayil yake kirana, wai tun da yake bai ga abin da na gina ba sai tsibin takardu. Ni kuma in ce masa kwanonsa don tsabar rashin kauri, idan ka ɗaga shi sama sai ka karanta jarida ta cikinsa.

Abin da ya jawo labarin nan 'yar ƙanwata ce, Rukayya. Ta gama jami'a, ta samu aiki a wata hukuma, muna murna, ashe ciwon fim ya kama ta. Ta ɗauki hutunta na shekara ta ce za ta shirya ɗan gajeren fim ta kai bikin nuna finafinai da ake yi a garin nan, sashen finafinai masu zaman kansu. Da Alhaji Sabitu ya tambayi ma'anar hakan, sai ta ce fim ne da ba shi da ubangida, babu kamfani a bayansa, babu mai ce maka sa waƙa nan, sa rawa can. Ya gyaɗa kai ya ce ashe sana'arsu ɗaya, shi ma shekara talatin yana zaman kansa.

Labarin fim ɗin na wani attajiri ne da ya mutu ya bar gida bai kai rufi ba, 'ya'yansa suka shiga rigima a kai. Rukayya na neman dattijo mai cikar fuska da cikar ciki wanda zai fito a matsayin mamacin. Ta duba ni ta ga ramar ma'aikaci, ta tsallaka katanga. Ta gaya masa gaskiya, a gabana aka yi, ta ce, "Baba Sabitu, gawa za ka fito, amma labarin duka a kanka yake tafiya." Ya ce, "Gawar attajiri dai ko?" Ta ce eh. Shi ke nan, rabin maganar na farko ya faɗi a ƙofar gida, rabi na biyu ya kai Dei-Dei. Kafin sati ya zagayo, daga layin 'yan katako har kara inda ake cinikin shanu, babu wanda bai ji cewa Mai Kwano ne jarumin wani fim da za a nuna wa manyan mutane ba.

Matarsa Hajiya Tabawa ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta katanga na ji tana cewa, "Alhaji, mutum da ransa da lafiyarsa ya je ya miƙe a lulluɓe shi? Wannan ai kiran mutuwa ne." Ya ce, "Hajiya, mutuwa ba ta jiran gayyata, ta san gidan kowa." Ta ce to ita dai idonta ba zai gani ba.

Wata Asabar da hantsi muka taru a wani kango a bayan Dutse. Aka shimfiɗa tabarma, Alhaji ya kwanta, aka ɗauki fuskarsa na ɗan lokaci, sannan aka ja farin mayafi aka rufe shi. Wallahi ya yi kyan gawa. Mutum goma sha biyu suka zauna kewaye da shi, wani dattijo cikin 'yan wasan ya ɗaga hannu ya ce Allah ya jiƙan Alhaji, Allah ya sa ya huta, Allah ya haskaka kabarinsa. Kafin masu rai su buɗe baki, sai muka ji daga ƙarƙashin mayafi, da murya irin ta mai kiran ciniki: "Amin."

Mai riƙe da kamara ya kusa yar da ita. Rukayya ta durƙusa kusa da kansa ta ce, "Baba, ka mutu fa." Ya ce ya sani, suɓutar baki ce. Aka sake. A karo na biyu ya rage murya, amma mayafin ya ɗaga daidai bakinsa kamar ana hura wuta. A na uku aka cusa masa auduga a kunne, sai ya koma kintace, ya ce amin tun dattijon bai kai rabin addu'ar ba. A na biyar wani ya yi atishawa ya yi hamdala, gawa ta ce yarhamukallahu. A na shida wayarsa ta yi ƙara a aljihu, muka ji mamaci yana tambayar bandir nawa na kwano ake so. Hali zanen dutse. Mutumin da ko a rediyo ya ji ana addu'a sai ya tsaya da cin abinci ya amsa, shi aka ce ya kwanta ya yi shiru ana roƙa wa Alhaji rahama. Da aka yi na tara mai kangon ya iso da magina, dole muka naɗe tabarma.

Nan matsala ta taso. Fitowar Alhaji ke nan guda ɗaya tak a fim ɗin, kuma babu ɗauka ko ɗaya da ba ta da amin. In Rukayya ta yanke wurin, mutumin da ya cika kasuwa da labari ba zai bayyana ba ko na ƙiftawar ido. In ta bar shi, fim ɗin da ta zuba hutunta da zuciyarta a ciki zai zama abin dariya a gaban masana. Ta zo wurina neman shawara, ni kuma na yi abin da aka koya mini a ofis: abin da zai jawo tambaya, cire shi daga fayil. Na ce ta yanke, a fara fim daga zaman makoki, ni zan san yadda zan lallashi Bakano. Ta dube ni ta ce, "Kawu, in na yanke shi, da wane ido zan gaishe shi da safe?" Sai ta bar fitowar tasa a fim ɗin, ta rage sautin amin ɗin har ya zama a kwamfutarta sai ka kafa kunne za ka ji. Muka ce Allah ya rufa asiri.

Ranar nunawa, da azahar, a wani zaure kusa da tafkin Jabi, na ga irin mutanen da ban san akwai su a Abuja ba. Maza da gyale a wuya cikin zafin da ke dafa ƙwai, mata da tabarau a saman kai maimakon ido, kowa na magana ƙasa-ƙasa kamar an zo dubiya. Ana cikin haka motocin bas biyu suka tsaya, Dei-Dei ta sauko: 'yan kwano, 'yan siminti, dillalan shanu uku da sandunansu, duk cikin shadda mai amon sitaci. Alhaji na gaba da babbar riga wadda za ta iya rufe shago.

Fim na farko da aka nuna, wani mutum ne ya tsaya yana kallon ruwa. Ya kalla, ya kalla, mu ma muka kalla. Masu gyale suna gyaɗa kai. Can sai wani dillali da ke bayana ya ce, "Jama'a, ko dai faifan ya maƙale ne?" Wani ya ce a'a, ai ga tsuntsu can ya wuce. Aka yi ta ce musu shhh, su kuma suna waige-waige suna neman kajin da ake kora.

Sai namu ya zo. Fuskar Alhaji ta cika bango, Dei-Dei ta ɗauki kabbara da tafi. Aka ja mayafi, tafin ya fara mutuwa, na ji wani yana cewa, "Kai, ashe tun farko suka kashe shi?" Na saci kallon Alhaji, ya kafe ido a gaba, gumi na bin wuyansa. Dattijo ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Abin da ba mu sani ba, lasifikokin zauren nan ko sauro ya yi tari a cikin fim sai sun kawo maka shi. Amin ɗin da muka binne ta fito kamar tsawa, har kujerata ta girgiza. Sannan mutanen Dei-Dei, da yake ba za su bar gawa ta fi su ba, suka amsa gaba ɗaya, amin! Daga nan dariya ta ɓarke, dillalin nan har da buga sanda a ƙasa. Rukayya ta sa fuska cikin mayafinta. Ni kuwa na shiga neman ƙofar fita da ido, don tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma ni na haɗa su.

Da aka kunna fitila aka ce masu tambaya su yi. Wani mai gyale ya miƙe, ya yi Turanci mai tsawo, Rukayya na tsaye a gaba. Abin da na tsinta, wai wannan gawa muryar talaka ce wadda ko kabari bai isa ya rufe ta ba, kuma bai taɓa ganin hikima irin wannan ba. Ya juyo wurin Alhaji ya gwada Hausarsa ta Abuja: "Baba, wannan gawa, me ya sa shi yi magana? Akwai mesej?" Na yi ta yi wa Rukayya alama da gira ta karɓi wannan fassara kawai, tunda ga rufin asiri ya zo har gida. Kafin ta motsa Alhaji ya karɓi makirufo.

Ya ce, "Ɗana, ni ban san wannan ba. Ni dai na ji mutum goma sha biyu sun ɗaga hannu suna cewa Allah ya jiƙan Alhaji, kuma a ɗakin nan ni kaɗai ne Alhaji. Yarinyar nan ta san wasa ne, kamara ta san wasa ne. To mala'iku fa, wa ya gaya musu? In lokacin karɓar addu'a ne, sai in bar ta ta wuce saboda fim?"

Aka fassara wa masu gyale. Ban san me suka fahimta ba, amma a karon farko a yinin nan na ga sun yi tafi da tafin hannu gaba ɗaya. Fim ɗin bai ci kyauta ba, mai kallon ruwa ne ya ci. Sai dai da aka fito, Rukayya aka kewaye, kuma daga wannan rana ta daina jin kunyar cewa fim take yi. A kasuwa kuwa sunan Mai Kwano ya ɓace, ya koma Alhaji Amin, yana amsawa yana shafa ciki.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Bikin nan ya girma, har jan kafet ake shimfiɗawa, Rukayya ma yanzu cikin masu yanke hukunci take zama, da tabarau a saman kai. A Dei-Dei kowane mai shago ya zama jarumi, ya kafa waya a kan buhun siminti yana tallar kansa. An ce ma akwai na'urar da ke sa wa mutum maganar da bai yi ba, ta cire wadda ya yi. Da a lokacinmu ne da an share amin ɗin nan cikin minti ɗaya, mayafin ma an daidaita shi. Na tabbata da Alhaji zai ce to na'urar ta kwanta ta yi gawar da kanta.

Shekara uku bayan fim ɗin ya rasu, zazzaɓin kwana huɗu. Hajiya Tabawa ba ta taɓa cewa ai ta faɗa ba, kuma ba ta taɓa kallon fim ɗin ba, har gobe. Bayan an share makoki 'ya'yansa suka bincika ko'ina. Hotuna akwai, na Makka, na shago, na ɗaurin aure. Murya babu. Ƙaramar waya mai tocila ya riƙe har ya bar duniya, mutumin da ya yi shekara sittin yana surutu bai bar ko kalma ɗaya a naɗe ba, sai waccan da na ce a yanke.

Da aka shekara Hajiya ta aika aka kira Rukayya, ta ce ta zo da abin nan. Ta sa aka juya fuskar kwamfutar ta kalli bango, aka ƙure sauti. Tun daga nan kowace shekara haka ake yi, kuma shekaranjiya ina wurin. Dattijon fim ya fara addu'a, Hajiya ta ɗaga hannu tare da shi, mu ma muka ɗaga. Kwanon da ya sayar ya yi tsatsa a kan rabin gidajen Dutse, shagon ya koma hannun wasu, ni kaina gwiwa ta fara ba ni notis. Amma a tsakar gidan nan, sau ɗaya a shekara, ana yi wa Alhaji Sabitu addu'a ya amsa da bakinsa.

Da muryar ta fito, Hajiya ta shafa, ta goge ido da bakin mayafi, ta dube ni ta ce, "Ka ji shi ko, Malam? Ko a can ba zai bari mutum ya gama magana ba."

Allah ya yi masa rahama, ya kyautata namu zuwan.