Ƙibar Gwaggo Tela

Shagon Gwaggo Tela yana hawa na biyu, a ƙarshen wata matakala mai tsayi. Tun tana budurwa take taka keken ɗinki, kuma ta ƙi na lantarki, tana cewa ita ƙafarta ba a ɗauke mata wuta.

Ciwon dajin nono ne ya sauko da ita. Aka yi mata aiki, sannan aka shiga ɗaura mata wani jan magani ta jijiya. Gashi ya zube, ta rame har sai da ta rage rigunanta duka. Amma ba ta yanke yadin ba, ninke shi ta yi ta ciki. Burinta ɗaya ne, ta koma kan kekenta.

Da likita ya ce ba a ga sauran ciwon ba, ta koma. Ba a daɗe ba jikinta ya fara cika. Mijinta, direban motar makaranta, ya samu abin tsokana.

"Maman yara, ashe ke kike cinye mana tukunya a ɓoye."

"Ka bar ni in rama bashin yunwa," ta ce masa.

Ta riƙa warware ninkin rigunan ɗaya bayan ɗaya tana murna. Ƙanwarta ta ga takalmi ya ƙi shiga, ta ce lafiya ce ta dawo har tafin ƙafa. Hakin da Gwaggo take yi a matakala suka ɗora wa ƙiba, tarin da ta fara kuma suka ce sanyi ne. Ranar komawa asibiti ta zo, ta ƙi zuwa, ta ce a bar wa marasa lafiya layi.

Wata safiya ta tsaya auna kanta za ta ɗinka sabuwar riga. Ciki ya ƙaru, amma damtse da kafaɗa suna nan yadda ciwo ya bar su. Ta auna dubban mata, ba ta taɓa ganin ƙiba ta tsallake damtse ba. Ta danna ƙwaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta kira mijinta.

Aka ɗauki hoton zuciyarta. Likita ya bayyana musu cewa maganin da ya kashe ciwon ya raunana naman zuciyar, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, abin da ya taru a jikinta ruwa ne. Akwai magungunan da za su sauƙaƙa mata, amma an makara, da wuya ƙarfin ya dawo. Ya hana ta doguwar matakala, ya hana ta taka keke. Mijin ya sunkuyar da kai, ya kasa kallon ƙafafunta.

"Likita, ko rabin yini?" in ji Gwaggo.

Ya girgiza kai.

Ranar da aka kwashe shagon, a ƙasa ta jira, kan benci. Tana jin keken yana bugun bango, mijinta da 'yan dako suna saukowa da shi.

"Ku bi shi a hankali," ta ce, "ya manyanta."

Wata tsohuwar mai kawo mata ɗinki ta iso da yadi a leda, tana yi mata barka da samun sauƙi. Gwaggo ta karɓi yadin, ta murza shi tsakanin yatsunta, ta yaba. Sannan ta miƙa mata abinta, ta kwatanta mata shagon wani tela a layin baya.