Ƙafar Mama Mai Fate

Na zo Kano daga wani ƙauye na jihar Filato ina da shekara ashirin da 'yan kai. Aikin da na fara samu a wani kamfanin jima ne da ke Challawa, aka sa ni ɓangaren ɗanyar fata, inda ake sauke ta daga mota, a jiƙa, a zuba mata magani gashi ya zube. Duk wanda ya taɓa bin wannan hanya ya san warin da nake nufi. Mu da muke ciki, bayan wata biyu hancinmu ya daina ji, amma jikinmu bai daina ɗauka ba. Nakan yi wanka sau biyu da sabulun wanki, in sa rigar da nake ajiyewa daban cikin leda, duk da haka in na shiga a-daidaita-sahu sai in ga na kusa da ni ya mayar da fuskarsa waje.

A coci abin ya fi yi mini ciwo. Ƙaramar coci ce a gefen Panshekara, yawancinmu ma'aikatan kamfanoni ne da 'yan kasuwa daga Filato da Kudancin Kaduna. Ba wanda ya taɓa gaya mini magana marar daɗi. Sai dai in na zauna a benci, a hankali kowa ya ɗan muskuta, har a bar mini fili dama da hagu. Na koma bencin ƙarshe kusa da ƙofa, kuma da an yi addu'ar rufewa sai in sulale.

Wata Lahadi, ana tsakiyar waƙa, sai wata dattijuwa ta taso daga layin zumuntar mata, wato ƙungiyar matan coci, da kayan zumuntarta da komai, ta zo ta zauna kusa da ni har kafaɗarmu na gogar juna. Na gane ta. Ita ce mai sayar da faten tsaki da na acca a ƙofar kamfaninmu, kowa Mama yake ce mata. 'Yar Kudancin Kaduna ce, mijinta ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai har aka rufe ta, daga baya ya rasu.

Na raɗa mata, "Mama, ki ɗan matsa, jikina yana wari."

Ta ce, "To, ni hayaƙin itace nake yi. Riƙe mana littafin waƙar, idona ba ya ganin ƙananan rubutu."

Daga ranar bencin ƙarshe ya zama wurinta. Shugabar zumunta ta yi mata magana, ta ce ita can ta fi jin iska. A ƙofar kamfani kuwa, in na miƙa kwanona sai ta ƙara mini rabin ludayi, ta ce ɗan Filato ba ya ƙoshi da abin da ke ƙosar da mutane. Ban yi mata komai ba da za ta kula ni haka. Ni ma na sha tambayar kaina dalili, ban samu amsa ba.

Bayan kamar shekara biyu, wata rana muka fito hutun rana ba mu ga tukunyarta ba. Kwana uku shiru. Ranar Asabar na nemi gidan da take haya, na same ta kwance a tabarma, ƙafarta ta hagu a naɗe da tsumma. Ashe tana da ciwon suga, garwashi ya ƙone ta a tafin ƙafa ba ta ma ji ba, wurin ya zama gyambo. Matan zumunta suna ƙoƙari ƙwarai, wata ta kawo abinci, wata ta yi shara, wata ta yi wanki. Akwai wata nas a cocinmu da take zuwa sau biyu a mako, amma ta ce ciwon yana bukatar wanki kullum. Ina nan zaune wata daga cikin matan ta ce bari ta gwada. Tana kwance tsumman ta tashi da gudu ta fita tsakar gida tana amai. Da ta dawo kuka take yi, tana ba Mama haƙuri.

Na ce, "Ni zan iya."

Ba tsarkin zuciya ne ya sa na faɗi haka ba, gaskiya ita ce ban ji komai ba. Abin da ya kori matar nan, a wurina bai kai rabin abin da nake tsoma hannu a ciki kowace safiya ba.

Da nas ɗin ta zo, ta dube ni sama da ƙasa, ta sa na yanke farce, ta tsaya a kaina na wanke hannu har gwiwar hannu sau uku. Ta nuna mini yadda ake dafa ruwa a bar shi ya huce, yadda ake goge ciwon daga tsakiya zuwa gefe, ba a mayar da audugar da aka taɓa da ita, da yadda ake naɗa bandeji kada ya matse. Ta ce in na ga wurin ya yi baƙi in kira ta nan take.

Matsalata ɗaya ce. Muna tashi ƙarfe biyu na rana, amma in motocin fata suka iso a makare dole mu tsaya mu sauke, wani lokaci har magariba. Shugaban rukuninmu wani dattijo ne mutumin Maraɗi, Malam muke ce masa, ba shi da yawan magana. Na same shi bayan ya idar da sallar azahar na yi masa bayani.

Ya ce, "Mai faten nan ta bakin ƙofa? Mahaifiyarka ce?"

Na ce, "A'a, Malam. Cocinmu ɗaya dai."

Ya shiga naɗe buzunsa. Can ya ce, "In biyu ta yi ka tafi. Ni zan tsaya a madadinka wurin sauke fata. Ka ce ina yi mata sannu."

Na ce, "Malam, ku da shekarunku?"

Ya ce, "Kafin a haife ka nake sauke fata. Je ka."

Haka muka yi wata huɗu. In na iso, Mama ta riga ta sa maƙwabciyarta ta ɗora ruwa. Ina wanki tana cije leɓe, in zafin ya lafa sai ta fara lissafa abubuwan da take gode wa Allah a kansu a ranar. Wasu sukan ba ni dariya. Ta gode don ƙafar dama lafiya lau take. Ta gode don kazar maƙwabta ta yi ƙwai a bayan ƙofarta. Wata rana ta gode don ciwon ya yi mata zafi sosai, ta ce nas ta gaya mata in ta fara jin zafi, naman yana farfaɗowa ke nan. Na tambaye ta ko ba ta taɓa jin haushin Allah ba. Ta ce ta ji mana, lokacin da mijinta ya mutu ta yi wata biyu ba ta yi masa magana ba, amma shi bai daina ciyar da ita ba, har kunya ta kama ta.

Sai labari ya kai kunnen fasto. Wata Lahadi ya kira ni gaba, ya ce ga misalin hidima, ikilisiya ta tafa. Mutanen da suke muskutawa a da suka riƙa miƙo mini hannu. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi fiye da kima. Na fara ba da labarin ƙafar Mama ko ba a tambaye ni ba. Ba a jima ba aka gayyace ni taron matasa na kwana biyu a wata babbar coci a Nassarawa, in yi magana a kan yi wa marasa lafiya hidima. Na ɗinka sabuwar riga. Na gaya wa Mama zan tafi, na ce zan nemi wanda zai zo a madadina. Ban nema ba. Hankalina yana kan abin da zan faɗa, na ce a raina kwana biyu ba wani abu ba ne.

Na yi magana, aka tafa mini, har wasu suka karɓi lambata. Ranar Litinin da na shiga ɗakin Mama, na tarar bandejin ya bushe ya manne da ciwon, ƙafar ta kumbura. Ta yi ƙoƙarin kwancewa da kanta, hannunta bai kai ba, ta bar shi rabi a warware. Nas ta yi tafiya, maƙwabciyar kuma tsoro take ji.

Ina tsaye ina kallon ƙafar, sai ta ce, "Ɗana, ka dawo? Yaya taron? Na yi ta yi maka addu'a kada bakinka ya sarƙe a gaban mutane."

Na durƙusa na ce, "Mama, ban nemi kowa ba. Ƙarya na yi miki. Na je ina ba da labarinki, na bar ki haka."

Ta ce, "Na sani. Na yafe tun shekaranjiya. Tashi ka ɗora ruwa, ka jiƙa shi tukuna, kada ka fizga."

Na jiƙa, na ɓare a hankali, hawaye na zuba ina kawar da kai don kada ya ɗiga a ciwon. Ba ta sake tayar da maganar ba har muka rabu. Na daɗe ina jin wa'azi a kan alheri, cewa kyauta ce da ake ba wanda bai cancanta ba, kuma ni ma na faɗi haka a taron da bakina. Amma sai a ranar, ina riƙe da ƙafarta, na san yadda yake a jikin wanda aka yi wa.

Bayan mako uku yatsunta biyu suka yi baƙi, aka kai ta asibiti aka cire su. Na tambayi nas ko kwana biyun nan ne suka jawo. Ta ce ba za ta iya cewa e ba, ba za ta iya cewa a'a ba, irin wannan ciwo yakan yi haka ko ana kula da shi. Har yau ban sani ba, kuma na daina neman wanda zai wanke ni. Sauran ƙafar ta warke. Wata 'yarta da ke can garinsu ta zo ta tafi da ita gida, ta yi shekara huɗu tana takawa da sanda kafin Ubangiji ya kira ta.

Yanzu na bar ɓangaren ɗanyar fata, ina kan injin aske fata, na yi aure, muna zaune a Dorayi. Nas ɗin ta tsufa, amma har yanzu in aka samu mai irin wannan ciwo takan kira ni. Wanda nake zuwa wurinsa a 'yan watannin nan wani tsohon maigadi ne da ya yi aiki a Sharaɗa, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, bayansa duk ya yi miki. Mutum ne mai faɗa. Kullum sai ya ce ruwan ya yi zafi ko ya yi sanyi, hannuna kamar na maƙeri, kuma bai taɓa ce mini sannu ba. Wata rana nakan fito raina a ɓace, in tsaya a bakin titi in yi addu'a kafin in hau mota. Talata da Alhamis da Asabar ne ranakuna. Sauran kwanakin matata da wani ɗan'uwa a coci suke zuwa, su ma na koya musu.